Idan guba ta sauka a ƙasa, yaya bakteriya ke yi?

A garejin makanikai a Katsina, inda baƙin mai ya jiƙe ƙasa har ciyawa ba ta fita, akwai sauran mai rai a wurin?

Akwai. Giram ɗaya na ƙasa mai kyau yana ɗauke da miliyoyin bakteriya iri-iri, wato ƙananan halittun da ido ba ya gani. Da mai ya zuba, yawancin ire-iren sai su mutu ko su ja baya, 'yan tsirarun da ke iya jurewa, ko ma cin man, su mamaye fili.

Koyo suke yi ke nan?

A'a, tankaɗe da rairaya ne. Bakteriya irin E. coli tana iya rabewa biyu cikin minti 20 idan ta samu yadda take so. A wajen kwafar DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, akan samu ɗan kuskure, wani kuskuren kuwa ya zo daidai da gubar, mai shi ya hayayyafa, saura su ƙare. Abin da ya fi ban mamaki shi ne, suna miƙa wa juna 'yan zobban DNA da ake kira filasmid, waɗanda kan ɗauki irin wannan juriya, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. A 1975 masana a Japan sun samu bakteriya a ruwan dattin masana'antar nailan tana cin ragowar sinadaransa, alhali sai a 1935 aka ƙirƙiro nailan ɗin.

Manomin masara a Daura, ina ruwansa?

Da ruwansa mana. Gonar da ake fesa wa maganin ciyawa na atirazin shekara da shekaru, bakteriyarta kan gwanance wajen narkar da shi. Sai ciyawa ta dawo da wuri, manomi ya ce an sayar masa da jabu. Wani lokacin jabun ne, wani lokacin kuma ƙasar ce ta canza.

To, a bar su su share mana dattin?

Mai da wasu magungunan feshi suna narkuwa, amma a hankali. Dalma kuwa ba ta narkuwa ko kaɗan; a Zamfara, bayan gubar dalma ta 2010 da ta kashe ɗaruruwan yara, sai da aka kwashe ƙasar gidaje aka zuba sabuwa.

Ga wata matsalar da ni ta fi damuna. Sau da yawa filasmid ɗin da ke ɗauke da juriyar ƙarafa masu guba, shi ke ɗauke da juriyar maganin antibayotik. Kwatar da ke kwaso ruwan batir da na fenti ta gangara lambu tana iya renon bakteriyar da maganin asibiti ba ya ci, kuma da ruwan nan ake ban-ruwan latas da ake ci ɗanye.