Ciyar da Ɗan Doki Kafin Yaye

Ciyar da ɗan doki kafin yaye ya ƙunshi duk abin da ke shiga cikin jaririn doki tun daga sa'ar da goɗiya ta haife shi har ranar da aka raba shi da nono. A gonakin kiwo wannan lokaci kan ɗauki wata 4 zuwa 6. Dawakin da ke sake a daji kuwa, uwa ba ta hana ɗanta nono sai ya kai wata 9 ko fiye, yawanci gab da za ta sake haihuwa.

Goɗiya na ɗaukar ciki kimanin kwana 340, ta haifi ɗa mai nauyin kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinta, amma tsayinsa ya riga ya kai wajen kashi 60 cikin 100 na tsayin da zai yi idan ya girma. A dawakin sukuwa na Turai an auna cewa duƙushi ɗan wata 6 ya haura kashi 80 cikin 100 na tsayinsa, alhali bai kai rabin nauyinsa ba. Wato ƙashi ne ke fara ginuwa, tsoka ta biyo baya, kitse ya zo a ƙarshe. Saboda haka kuskuren ciyarwa a waɗannan watanni a ƙafa yake bayyana, kuma ƙafar da ta lalace a ƙuruciya da wuya ta gyaru.

Dakashi

Mabiyiyar goɗiya ba ta barin sinadaran garkuwar jiki su ratsa daga jinin uwa zuwa na ɗan da ke ciki. Ɗan doki kan faɗo duniya kusan ba shi da kariya daga cuta, sai abin da ya samu a dakashi, wato nonon farko mai kauri da danƙo, mai launin ɗorawa. Hanjinsa na iya tsotse waɗannan sinadarai ne na ɗan lokaci kawai: ya fi karɓa a awa 6 zuwa 8 na farko, daga nan ƙofar ta fara rufewa, kafin awa 24 ta rufe ruf. Dakashin da aka ba shi bayan haka abinci ne kurum, ba ya shiga jini.

Likitocin dabbobi suna da wani ma'auni mai sauƙin riƙewa: ɗan ya miƙe tsaye cikin awa ɗaya, ya kama nono cikin awa biyu, uwa ta yar da mabiyiya cikin awa uku. Wanda ya taɓa tsayawa a barga a irin wannan dare ya san yadda abin ke tafiya. Ɗan zai yi ta tangal-tangal, yana tura hanci a ƙirjin uwa, a hammatarta, wani lokacin ma ya tsotsi bango, kafin ya lalubo hantsa. Wannan lalube ba matsala ba ne. Matsalar ita ce a ɗauka ya sha alhali bakinsa kawai ke wurin. Sai an durƙusa an ga kan nono a bakinsa, an ga maƙogwaronsa na motsi, sannan a tabbatar. Idan awa uku ta wuce bai sha ba, sai a tatsi uwar a ba shi, kuma a nemi likita.

Ɗan doki mai kilo 50 na buƙatar lita 1 zuwa 2 ta dakashi mai kyau. Goɗiyar da nono ya yi ta ɗiga daga hantsarta kwanaki kafin haihuwa ta riga ta zubar da mafi kyawunsa a ƙasa, ko da hantsar ta cika fam. Inda akwai kayan gwaji, ana ɗibar jinin ɗan tsakanin awa 12 da 24: idan sinadaran garkuwar da ke jinin sun haura miligiram 800 a kowace desilita, sun wadatar, ƙasa da 400 kuwa alama ce garkuwar ba ta shiga ba, sai a yi masa ƙarin ruwan jini ta jijiya. Manyan gonaki kan tatsi kimanin mililita 250 daga goɗiya mai wadatar dakashi bayan ɗanta ya ƙoshi, su daskarar a ajiye har shekara guda. In za a yi amfani da shi, a ruwan ɗumi ake narkar da shi, don zafi mai yawa yana lalata amfaninsa. Allurar rigakafi da aka yi wa goɗiya mako 4 zuwa 6 kafin ta haihu, musamman ta tetanas, tana ƙara wa dakashin ƙarfi.

Akwai yanayi guda da dakashin uwa ke zama guba ga ɗanta. Idan ɗan ya gaji rukunin jinin uba wanda jikin uwa ya riga ya ƙi, dakashin kan farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa. Ana haihuwarsa lafiya lau, amma cikin kwana ɗaya zuwa uku sai ya yi laushi, idonsa da dasashinsa su yi ɗorawa kamar mai shawara, fitsarinsa ya yi duhu. An fi ganin haka a jariran alfadari, inda uba jaki ne uwa goɗiya. Goɗiyar da ta taɓa yin haka, a haihuwa ta gaba ana sa wa ɗanta takunkumi na kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a ba shi dakashin wata, a riƙa tatse nata ana zubarwa.

Watannin nono

Hantsar goɗiya ƙarama ce, tumbin ɗanta ma ƙarami, don haka shan kaɗan-kaɗan ne amma a kai a kai. A makon farko yakan koma ga nono har sau bakwai a awa guda, kowane zuwa minti ɗaya ko biyu. Yana kai wata 6 sai abin ya koma kamar sau ɗaya a awa. A yini yakan sha abin da ya kai kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na nauyinsa, ya riƙa ƙara kilo ɗaya ko fiye kullum, har ya ninka nauyin haihuwarsa a ɗan fiye da wata guda.

Nonon goɗiya tsinkakke ne idan aka kwatanta da na saniya. Maiƙonsa kashi 1 zuwa 2 ne cikin 100, na saniya kuwa ya kusa 4. Sukarinsa ya kai kashi 6 zuwa 7, na saniya bai kai 5 ba. Wannan yawan sukari ne ya sa makiyayan Mongoliya da Kazakistan ke iya tsima shi su sha. Su kan ɗaure 'ya'yan a igiya da rana, su kawo ɗan ya fara tsotsa don nono ya sauko, sannan su janye shi su tatsa.

A wata uku na farko goɗiya na fitar da nono kusan kashi 3 cikin 100 na nauyinta kullum, wato mai kilo 400 tana ba da wajen lita 12. Babu lokacin da take buƙatar abinci da ruwa kamar wannan. Saboda haka a watanni biyu na farko, ciyar da ɗan doki a zahiri ciyar da uwarsa ne. Goɗiyar da aka bari da ingirici kaɗai a tsakiyar rani za ta narkar da jikinta ta shayar, har ƙugunta ya fito, daga baya nonon ma ya ja baya.

Abubuwa biyu kan tayar wa sabon mai kiwo hankali ba gaira ba dalili. Na ɗaya, ɗan doki na cin ɗanyen kashin uwarsa a makonnin farko. Ɗabi'a ce, kuma ana ganin ta haka yake samun ƙwayoyin halittar da za su taimaka wa babban hanjinsa narkar da ciyawa. Na biyu, zawo mai sauƙi da kan zo tsakanin kwana 5 da 15, daidai lokacin da uwa ke sake neman namiji. In dai yana sha yana tsalle-tsalle, wanke masa gindi da shafa mai sun isa. Amma ɗan da ya daina sha abin gaggawa ne, kuma hantsar uwa ce ke fara faɗa: za a gan ta ta kumbura tana tsartuwa, fuskar ɗan duk busasshen nono.

Lokacin da nono ya gaza

Nono kan kai ƙololuwa wajen wata na biyu, sannan ya fara raguwa a yawa da kuma ƙarfi, shi kuwa ɗan buƙatarsa sai ƙaruwa take. Tun yana kwanaki yake tsoma baki a komin uwa, haƙoran gabansa na farko ma kan fito cikin kwana 8, amma babban hanjinsa ba ya iya cin moriyar ciyawa sosai sai ya kai wata 3 zuwa 4. A wannan giɓi ne ake fara ba shi abincinsa na kansa, yawanci daga mako 8 zuwa 12.

Don kada uwa ta cinye, ana kewaye wani ɗan wuri da itace kusa da inda take tsayawa ko shan ruwa, a bar ƙofar da ɗan zai shiga amma ƙirjin uwa ba zai wuce ba. Inda goɗiya ke ɗaure a turke abin ya fi sauƙi: a ajiye komin ɗan inda igiyarta ba ta kaiwa, amma yana ganinta. Ma'aunin da aka saba da shi a Amurka shi ne kimanin giram 450 a yini kan kowane wata na shekarunsa, wato ɗan wata uku ya ci wajen kilo ɗaya da giram 350. An yi wannan lissafi ne don manyan dawaki, namu na Arewa da suka fi ƙanƙanta sai a rage. Ana raba shi sau biyu ko uku, a kwashe ragowar kullum.

Abincin ya ƙunshi furotin kashi 14 zuwa 16 cikin 100, kuma mai inganci. A cikin abin da ake samu a kasuwanninmu, garin waken suya da aka gasa ya fi tunkuza da angurya dacewa da ƙaramin doki. Sai kuma ma'adinai. Nonon goɗiya ba shi da isasshen sinadarin tagulla. Ɗan yana dogara ne da abin da ya tara a hantarsa a watanni uku na ƙarshen ciki, shi ya sa kula da goɗiya mai ciki ke cikin wannan lissafi.

Batun da ya fi shafar bargar ƙasar Hausa shi ne daidaito tsakanin kalsiyam da fosfaras. Ƙashi na son kalsiyam ya rinjayi fosfaras, kamar ɗaya da rabi ko biyu bisa ɗaya. Dusa da dawa da gero kuwa akasin haka suke: fosfaras da yawa, kalsiyam ɗan kaɗan. Dokin da aka tsare da dusa na tsawon lokaci, jikinsa kan zare kalsiyam daga ƙashi, ƙasusuwan fuska su kumbura, haƙora su yi girgiɗi, ya riƙa ɗingishi yau wannan ƙafa gobe waccan. A Turai an daɗe da sanin cutar a dawakin masu injin niƙa, waɗanda dusa ce cimarsu. Maganin yana kusa: harawar wake da ta gyaɗa suna da kalsiyam da furotin, kuma su ne ke gyara abin da dusa ta karkatar. Kanwa da ake jiƙa wa doki gishiri ce, ba ta cike gurbin kalsiyam.

Idon mai doki na son ganin duƙushi ya yi ɓul-ɓul, gashi na sheƙi, kuma son nan ba laifi ba ne. Sai dai hatsi mai yawa na sa jiki ya riga ƙashi girma. Guringuntsin gaɓoɓi ya kasa zama ƙashi yadda ya kamata, gwiwa da gaɓar saman kofato su kumbura su yi zafi, wani kuma jijiyar ƙafarsa ta ɗaure har ya riƙa taka ƙasa da bakin kofato. Haka ma wanda ya sha yunwa sannan aka ɗura masa abinci lokaci guda. Abin nema shi ne girma a hankali ba tsalle, a shafa haƙarƙarinsa a ji su ƙarƙashin tafin hannu ba tare da sun fito fili ba. Ana kuma barinsa ya yi guje-guje a fili, don ƙashi da motsi yake ƙarfi.

Kada a ba shi abincin kaji ko na shanu, domin wasu na ɗauke da monensin, maganin da ɗan kaɗan ɗinsa ke kashe doki, wasu kuma da yuriya. Masarar da ta yi fumfuna tana lalata ƙwaƙwalwar doki. Ɗanyen gyauron dawa yana da guba. Ruwa mai tsabta ya kasance a gabansa tun daga makonnin farko. Duƙushin da ke ci amma tumbinsa ya yi tulu, gashinsa ya tashi, sau da yawa tsutsar ciki ce. Ana fara ba shi maganinta daga wata 2 zuwa 3.

Maraya

Idan uwa ta mutu ko ta ƙi ɗanta, mafi alheri shi ne a samo wata goɗiya mai shayarwa ta karɓe shi. In ba a samu ba, sai garin madarar da aka haɗa don 'ya'yan dawaki. Nonon akuya yana karɓarsa, ko da yake yakan ɗaure ciki. Nonon saniya sai an rage masa maiƙo zuwa kashi 2 cikin 100, a zuba giram 20 na gulukos a kowace lita. Ba a sa sukarin shayi, hanjin jariri ba ya iya narkar da shi. A makon farko ana ba shi duk awa ɗaya zuwa biyu, dare da rana, a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa. Yana tsaye ake ba shi, fidar ba ta wuce tsayin kafaɗarsa ba, domin madarar da ta bi ta huhu tana jawo ciwon da kan kashe. Gara a koya masa shan bokiti da wuri: a tsoma yatsa a madara ya tsotsa, a yi ƙasa da hannun a hankali har leɓensa ya taɓa madarar.

Gab da yaye

Ana duba cin ɗan, ba yawan watanninsa kaɗai ba. Wanda ya saba da harawa da abincin kominsa, yana shan ruwa da kansa, ba ya ramewa sosai idan aka raba shi da uwa. Ba a haɗa yaye da canjin abinci ko dandaƙa ko doguwar tafiya a mako guda. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Biristol ta Ingila, aka wallafa a 2002, ya nuna cewa ba wa duƙusai abincin hatsi bayan yaye na da alaƙa da ninkuwar ɗabi'ar cizon itace da haɗiyar iska har sau huɗu, don haka harawa da ciyawa su ne ginshiƙi, hatsi ƙari ne. Ita kuma uwa, ana rage mata hatsi kwanaki kafin rabuwar don nono ya ja baya, kuma ba a tatse hantsarta bayan haka, domin tatsa na sa ta ci gaba da kawo nono.