Kemoterafi a Kan Kansar Ƙwaƙwalwa Mai Suna Jaminoma

Akwai ƙwayoyin halittar da asalinsu su ne ke zama maniyyi ko ƙwan mace. A wasu yara ƙalilan, irin waɗannan ƙwayoyi kan zama ƙari a tsakiyar ƙwaƙwalwa, kuma jaminoma ɗaya ne daga cikin nau'o'in wannan ƙari. Matasa masu shekara 10 zuwa 20 ya fi kamawa, maza sun fi mata, kuma an fi ganinsa a Japan da Koriya. Alamunsa sun haɗa da ciwon kai da amai da sassafe, gani biyu-biyu, kasa ɗaga ido sama, da ƙishirwa mai tsanani tare da yawan fitsari alhali gwajin suga lafiya lau.

Kafin a fara magani sai an yi hoton MRI na kai da laka, an kuma auna AFP da hCG, sinadaran da irin wannan ƙari kan fitar, a jini da ruwan laka. Da wannan ake rarrabe jaminoma da sauran nau'o'in da suka fi taurin kai.

Ga jaminoma, yawanci ana ba da magungunan kashe ƙwayoyin kansa (kemoterafi, ko kemo), wato kaboplatin da etoposaid, ta jijiya, zagaye huɗu, sati uku tsakani. Sauran nau'o'in kan ɗauki zagaye huɗu zuwa shida, a ƙara da ifosfamaid ko sisplatin.

Iyaye, ga inda ake yin asara. Ƙarin yana saurin narkewa, ciwon kai ya tafi, hoto ya fito fes, sai a ɗauka an gama. Ba a gama ba. An gwada kemo shi kaɗai, cutar ta dawo wa da yawa, domin ƙwayoyinta na ɓuya a magudanan ruwan ƙwaƙwalwa. Amfanin kemo shi ne a rage yawan gashin ƙari da haske mai ƙarfi (radiyoterafi) da za a yi wa yaro, amma gashin dole ne. Idan aka haɗa biyun, sama da kashi 90 cikin 100 na masu jaminoma suna rayuwa.

Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye fararen ƙwayoyin jini ke faɗuwa. Ku ajiye ma'aunin zafin jiki a gida. Da ya kai 38, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, kada a tsaya gwada farasitamol a ce maleriya ce.

Sisplatin na taɓa ji da ƙoda, don haka ake auna su akai-akai. Ifosfamaid na iya sa fitsarin jini, shi ya sa ake haɗa shi da mesna, maganin kare mafitsara, da ƙarin ruwa. Yaron da ke shan desmopresin saboda yawan fitsari kuwa, sai an sa ido sosai kan gishirin jininsa. Yawan barci, ruɗewa ko farfaɗiya, a kira ma'aikaciyar jinya da gaggawa.

Maganar haihuwa nan gaba, a yi ta da likita tun kafin allurar farko, lokacin da saurayin da ya balaga zai iya ajiye maniyyi.