Tambaya da amsa: Me ya haɗa zafin ruwa da abincin kifi?

Shin kifin ruwan zafi da na ruwan sanyi ba abu ɗaya suke ci ba?

A'a. Kusan duk kifaye ba su da ɗumin jiki na kansu, yadda ruwa yake haka jikinsu yake. Idan ruwa ya ƙara zafi da digiri 10 a ma'aunin Selsiyus, aikin cikin jikin kifi yakan ninka sau biyu ko uku: ya yi saurin narkar da abinci, ya yi saurin jin yunwa. Masu kiwon karfasa sun san haka. Da zarar ruwa ya sauko ƙasa da digiri 17 ko 16, sai ka watsa abinci ya yi ta yawo a saman kududdufi, kifin na can ƙasa ko kallonsa ba ya yi.

To nisan wuri daga ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu, yana da tasiri a nan?

Nisan ne ke yanke wa wuri rabonsa na rana. A yankunan murjani na kusa da ikwaita, wato duwatsun cikin teku da wasu ƙananan halittu ke ginawa, gansakuka na tsirowa duk shekara, shi ya sa kifaye masu kiwo, wato masu cin tsiro, suka yi yawa. Akwai kifin aku, wanda haƙoransa suka haɗe kamar bakin tsuntsu. Yakan kankare gansakuka daga jikin murjani, ya haɗiye har da dutsen, ya kasayar da farin yashi. A kogin Amazon na Kudancin Amurka kuwa, idan ambaliya ta shiga daji, kifin tambaki 'ya'yan itacen da suka faɗo ruwa yake ci.

Kana nausawa ƙuryar arewa ko kudu ta duniya, masu cin tsiro na raguwa. A tekun Antatika ruwa kan kai digiri 1.9 ƙasa da sifili, ga duhun watanni a lokacin hunturu. Tsirrai ƙanana na bunƙasa ne cikin 'yan makonnin bazara, wasu halittu masu kama da ƙananan jatan lande su ci su tara kitse, kifi kuma ya ci su. A can kitse ne jari.

Me ya sa cin tsiro ke wuya a sanyi?

Tsiro ba shi da sinadarin gina jiki kamar nama, ga wuyar narkewa. Dole a ci da yawa, kuma kifaye da dama na dogara da bakteriyar hanjinsu wajen sarrafa shi. Sanyi na rage kuzarin wannan aiki, sai wahalar ta fi ribar. An ga hakan a dabbobin da ke cin komai, kamar 'ya'yan kwaɗi da dodon koɗi: a ɗumama musu ruwa, sai su ƙara karkata ga tsiro.

Sai dai ni ban ɗauki wannan a matsayin doka ba, domin a ruwan sanyi na kudancin Niyu Zilan akwai kifin da ciyawar teku ce abincinsa, kuma yana girma lafiya lau. Masana ma har yanzu suna ja-in-ja: wasu na ganin sanyin ne shinge, wasu na cewa yawancin zuriyar masu kiwon a ruwan ɗumi suka samo asali, shi ke nan.

Ɗumamar teku za ta canza wani abu?

Ta riga ta fara. Bayan buɗe mashigin Suwez a 1869, wasu kifaye masu kiwo da ake kira kifin zomo sun tsallako daga Bahar Maliya zuwa Bahar Rum. Da ruwan gabashin tekun ya ƙara ɗumi sai suka yi yawa, suka cinye ciyawar teku a gaɓar kudancin Turkiyya. Wuraren da ƙananan kifi ke ɓuya a da, yanzu duwatsu ne tsirara, ko'ina sawun haƙora.