Harhaɗa ƙananan motocin roba

Harhaɗa ƙananan motocin roba aikin hannu ne na sha'awa, inda mutum kan sayi kwali mai ɗauke da sassan mota a wawware, ya yanke su, ya manna, ya yi musu fenti, har motar ta fito kamar ta gaske sai dai 'yar ƙarama. Ba ta tafiya, ba kuma don wasan yara ake yin ta ba. Ajiyewa ake yi a kalla. Ta nan ta bambanta da motar kara ko ta langa-langa da yara ke ƙerawa da abin da suka samu, don ita wannan kwaikwayon wata mota ce takamaimai, har kujeru da injin.

Ana yin sassan da robar folistirin, wadda ake narkarwa a ɗura a cikin mazubi na ƙarfe mai siffar sassan. Idan ta huce, sassan kan fito maƙale a jikin wani firam. Girman da aka fi sabawa da shi shi ne 1:24, wato motar da tsawonta ya kai mita 4.8 za ta koma santimita 20. Kamfanonin Amurka sun fi yin 1:25, su kuwa na Japan da Turai 1:24. Akwai kuma 1:20 na motocin tseren Formula 1, da manya na 1:12.

Harkar ta kankama a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Kamfanin AMT, wanda aka kafa a jihar Michigan a 1948, da farko ƙananan motocin talla yake yi wa dillalan motoci. A 1958 ya fitar da kwali mai zaɓi uku: a haɗa motar yadda ta fito daga masana'anta, ko a yi mata kwalliya, ko a mayar da ita ta tsere. Kamfanin Revell kuma ya yi suna da jerin tsofaffin motoci na Highway Pioneers a farkon shekarun 1950. A Japan, Tamiya ya fara ne da sana'ar katako a birnin Shizuoka a 1946, kafin ya koma roba. Sanannen abu ne cewa kamfanin ya sayi Porsche 911 ya kwance ta gaba ɗaya don ya auna kowane sashe, kafin ya fitar da ƙaramar motar Porsche 934 a 1976. Har yau ana baje kolin wannan harka a Shizuoka duk watan Mayu.

Manna sassan ba shi da wuya sosai, sai dai gam ɗin ba irin na takarda ba ne. Narkar da fuskar robar yake yi har ɓangarorin biyu su zama ɗaya, shi ya sa ake kankare fenti ko ruwan azurfa daga inda za a manna. Idan ya taɓa gilashin motar kuwa, ya dushe ke nan, don haka farin gam ake sa wa gilashi.

Fenti shi ne inda ake gane gwani. Jirgin yaƙi ko tanka na roba suna ɓoye kuskure a ƙarƙashin launi mara sheƙi, amma jikin mota mai walƙiya ba ya rufa wa kowa asiri. Akan fara da goge layin da mazubin ya bari da takardar yashi, a wanke maiƙo, a fesa fentin shimfiɗa, sannan launi kaɗan-kaɗan, sau uku ko huɗu. Wanda ya yi gaggawa ya zuba da yawa, fentin zai zubo. Wanda ya fesa daga nesa, zai bushe da gurzau kamar ɓawon lemo. Fentin iri uku ne: lacquer, inamel da akrilik. Lacquer ya fi ƙarfi, idan aka ɗora shi a kan inamel yakan ci na ƙasan ya yamutsa shi. Ƙura ma babbar abokiyar gaba ce, shi ya sa ake kifa wa jikin motar kwano ko kwali har ya bushe.

Bayan nan sai lambobi da tambura, waɗanda ake jiƙawa a ruwa su zame daga takarda zuwa jikin motar. A ƙarshe a fesa fenti mai garai-garai, a bar shi kwanaki, a goge da takardar yashi mai laushi sosai tare da ruwa, sannan man gogewa har mutum ya ga fuskarsa a bonet.