Waiwaye: Asalin gardamar kyamara a wasannin bidiyo na ƙwallon gorar ƙanƙara

Duk shekara da sabon wasan bidiyo na NHL, babbar gasar ƙwallon gorar ƙanƙara ta Amurka da Kanada, ya fito, gardama ɗaya ce ke sake tashi tsakanin masu buga shi a Kanada da Amurka da Suwidin da Finlan: ina ya kamata kyamara ta tsaya? Masu buga gasa sukan ɗaga ta can sama har 'yan wasan su zama ƙanana, don su ga yawancin fili. Wasu na sauke ta kusa da ƙanƙara saboda su ga motsin gora. Akwai kuma masu son ta daga gefe, yadda ake haska wasan gaske a talabijin. Kuma kowane ɓangare da kukansa. Wanda ya ɗaga, ɗan faifan da ake bugawa a madadin ƙwallo na ɓace masa a turmutsitsin bakin raga, wanda ya sauke kuwa ba ya ganin abokinsa da ya tsere gaba yana jiran fasin. Sababbin shiga kan ɗauka cewa wasan bana ne ya zo da matsalar, alhali ta girmi da yawa daga cikinsu.

Shi kansa wasan ba mai sauƙin haskawa ba ne. Filin gasar NHL ƙafa 200 ne a tsawo, 85 a faɗi, kewaye da shinge. Abin da ake bugawa ɗan faifan baƙar roba ne mai faɗin inci 3 da kaurin inci 1, kuma bugu mai ƙarfi kan kai shi gudun da ya haura kilomita 160 a awa. Ko a talabijin sai da aka gwada sa masa shuɗin haske a Amurka daga Janairun 1996 don masu kallo su iya bin sa, aka daina a 1998.

Tarihin farko sananne ne. Wasannin Ice Hockey na Nintendo da Blades of Steel, waɗanda suka shiga gidaje a 1988, daga gefe suke nuna fili. A 1991 NHL Hockey ya fito a na'urar Sega Genesis da fili a miƙe, raga ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, sai NHL '94 ya zo ya kafa wannan tsari a zukatan mutane. NHL 96 na kwamfuta ya ba ɗan wasa damar zaɓen kusurwa. A nan yawancin masu ba da labarin ke tsayawa, su ce da zaɓi ya zo sai ra'ayi ya rabu.

A ganina ainihin inda abin ya juya shi ne tsakanin 2005 da 2006, lokacin da sauye-sauye uku suka haɗu, kuma kowanne cikinsu ci gaba ne idan aka dube shi shi kaɗai.

Na farko a kan ƙanƙarar gaske ya faru. Bayan kakar 2004 zuwa 2005 da ba a buga ba saboda rikicin albashi, gasar NHL ta dawo da sababbin dokoki. A da, haramun ne mutum ya ba da fasin daga yankin gidansa ya tsallake shuɗin layin da ke iyakar yankin da jan layin tsakiyar fili gaba ɗaya. Aka cire wannan doka. Nan take dogon fasin daga kusa da ragarka zuwa ɗan gaban da ke bakin shuɗin layin abokan karawa ya halatta, kuma wasannin bidiyo suka bi sabon tsarin. Kafin nan, ko kyamara ba ta nuna maka nesa ba, asararka kaɗan ce, tunda ba ka da ikon aika faifan can. Daga 2005 sai ya zamana wanda ya hango nesa ya fi wanda bai hango ba.

Na biyu shi ne fuskar talabijin. Na'urar wasa ta Xbox 360 ta fito a ƙarshen 2005, PlayStation 3 ta biyo baya a 2006, daidai lokacin da mutane ke barin tsohuwar akwatin talabijin mai awon 4:3 suna komawa mai faɗi ta 16:9. Duk wanda ya saba buga ƙwallon ƙafa a gidan gem ya san yadda faffaɗar fuska ta yi wa wasan daɗi, domin can kyamara daga gefe take, tsawon fili ya bi faɗin allo. A wasan ƙanƙara akasin haka aka samu. Filin a tsaye yake tun 1991, wato tsawonsa na ƙafa 200 yana bin ɓangaren allon da ya fi gajarta. Ƙarin wurin da aka samu, kashi ɗaya cikin uku na tsohon faɗin, duk hagu da dama ya tafi, inda filin bai wuce ƙafa 85 ba. Abin da ya cike gurbin shi ne shinge da bencin 'yan canji da 'yan kallo. A lokacin da wasa ya fi buƙatar hangen gaba, allon bai ƙaru ta can ba ko kaɗan.

Na uku ya zo da NHL 07 a 2006, wanda a Xbox 360 ya mayar da sarrafa gora kan ƙaramar sandar dama ta abin riƙon wasa, wadda babban yatsa ke juyawa. Ka kaɗa ta hagu da dama ka yi yanka, ka tura ta gaba ka buga, ka ja baya sannan ka tura ka sami bugu mai ƙarfi. Wannan ya ƙara wa wasan armashi ƙwarai, amma yana buƙatar ka ga bakin gorarka da inda faifan yake a kanta, wato kyamara ta matso. Ya kuma ƙara ɗaure mutane ga fili a tsaye, saboda tura yatsa sama ya fi dacewa da hankali idan ragar da kake hari tana sama. Shi ya sa da yawa ke kunna zaɓin da ke sa su riƙa kai hari sama kullum, ko da an yi canjin gida.

Sai ga mutum ɗaya yana son kyamara ta ja baya saboda dogon fasin, yana kuma son ta matso saboda yanka, a kan allon da ya buɗe ta inda ba a nema ba. Maganin da ake yawan kawowa, wato a kwantar da filin a koma gefe, yana cin moriyar faɗin allo, sai dai shingen da ke kusa da kyamara kan tare faifan, kuma auna kusurwar raga daga gefe ya fi wuya.

NHL 09 na 2008 ya ƙara rassa ga gardamar, domin ya ba kowane mutum damar riƙe ɗan wasa guda a intanet, shida da shida har da mai tsaron raga. Tun daga nan ɗan baya yana neman kusurwar da za ta nuna masa wanda ke zagayowa ta bayansa, ɗan gaba yana neman ganin gorarsa da shuɗin layi don kada ya yi satar gida, mai tsaron raga kuma yana son kallo daga bayan ragarsa, duk a wasa ɗaya.