Noman Lilin da Aikin Gayya a Ƙauyukan Ayilan

Lilin yadi ne da ake saƙawa da zaren wani siririn tsiro mai shuɗin fure. Manoman Ayilan, wani tsibiri da ke yammacin Turai, musamman na lardin Ulster da ke arewacinsa, sun daɗe suna noma shi, amma a ƙarni na 18 ne sana'ar ta kankama. An kafa hukumar lilin a 1711, kuma a 1796 ta raba kyauta don zaburar da manoma: mai eka ɗaya ya sami keken kaɗi huɗu, mai eka biyar ya sami masaƙa.

A wancan zamanin ana shuka a watan Afrilu, a cire wajen Agusta. Ba a sa masa lauje. Da hannu ake tuge shi har saiwa, don kada zaren ya gajarta. Aiki ne mai karya ƙugu da tsage tafin hannu, kuma idan tsiron ya nuna ba ya jiran kowa. Gida ɗaya ba zai iya ba, shi ya sa ake kiran gayya, wadda a harshen Ayilan ake ce wa "meitheal". Ba kuɗi a ciki: yau gonarka, gobe ta maƙwabci. Mai gona dai shi ke ciyar da mutane, dankali da burodi da shayi, wani lokaci a ƙare da kiɗa da rawa da dare.

Mafi wuyar sha'ani shi ne jiƙo, kwatankwacin yadda ake wa rama. Ana ɗaure tsiron dami-dami, a jera a kududdufin da aka haƙa, a danne da duwatsu, ya yi kwana 10 zuwa 14 har karan ya ruɓe. Sai maza su shiga ruwan su riƙa cillo damman waje, wari na bin su har gida. Ruwan kansa in ya malala rafi kifi yake kashewa. Gwaninta a nan ita ce sanin ranar tsamewa, don in ya wuce lokaci zaren ya lalace.

Daga nan sai shanya a kan ciyawa, a buge karan ya zube, a taje da matajin ƙarfe. A lokacin mata ke kaɗi, maza ke saƙa.

Daga ƙarshen shekarun 1820 injinan kaɗi suka fara janye aikin daga gidaje zuwa masana'antun birnin Belfast. Noman ya farfaɗo lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sannan ya durƙushe a shekarun 1950.