Tallafin Horarwa ga Masana Lissafi Masu Shiga Binciken Lafiya

Wannan nau'in tallafi ne da hukumomi da gidauniyoyi ke bai wa masanin da ya yi digiri na uku a lissafi, ƙididdiga, fiziks, kimiyyar kwamfuta ko injiniyanci, domin ya karkata zuwa binciken cututtuka da jikin ɗan'adam. Abin da kuɗin ke saya shi ne lokaci. A kan biya albashin mutum na wasu shekaru, a rage masa nauyin koyarwa, ya koma ɗalibi a ƙarƙashin wani gogaggen mai bincike.

Tarihi

Ana yawan danganta tushen wannan tunani da Warren Weaver, masanin lissafi da ya karɓi ragamar sashen kimiyya na Gidauniyar Rockefeller a 1932. Shi ya karkatar da kuɗin gidauniyar ga masu son ɗauko dabarun fiziks da kimiyyar sinadarai su yi aiki da su a ilimin halittu. Daga cikin waɗanda suka ci gajiyar haka akwai Max Delbrück, Bajamushe masanin fiziks, wanda ya tafi jami'ar Caltech a Amurka a 1937 da tallafin gidauniyar. A can ya duƙufa kan ƙwayoyin bairos masu kama bakteriya, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1969 tare da Salvador Luria da Alfred Hershey. Francis Crick ma fiziks ya karanta kafin shi da James Watson su bayyana siffar DNA a 1953.

A Ingila, Austin Bradford Hill tattalin arziki ya karanta, domin tarin fuka ya hana shi karatun likita. Amma shi ne ya tsara ɓangaren ƙididdiga na gwajin streptomycin, maganin tarin fuka, da aka wallafa a 1948, sannan shi da Richard Doll suka nuna alaƙar shan taba da kansar huhu a 1950. Irin waɗannan mutane kowa ya bi tasa hanya ce, babu wani tsayayyen tsari. Aikin tantance ƙwayoyin gadon ɗan'adam, wanda ya gudana daga 1990 zuwa 2003, ya tara bayanan da suka fi ƙarfin ɗakunan gwaje-gwaje na gargajiya, abin da ya ƙara nuna wa hukumomi buƙatar irin waɗannan masana.

Tallafin K25

Hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, mai hedikwata a Bethesda, ta fito da tallafin K25 wajen ƙarshen shekarun 1990. Yana ɗaukar shekara 3 zuwa 5, kuma galibi ana buƙatar mai karɓa ya ba da aƙalla kashi 75 cikin ɗari na lokacin aikinsa. Dole ya kasance ɗan Amurka ko mai takardar zaman dindindin lokacin da za a ba shi.

Ba tsarin bincike kaɗai ake dubawa ba. Ana auna jagoran da ya zaɓa, da alƙawarin da jami'arsa ta yi, da jerin abin da zai koya. Injiniyan da ya ƙware a sarrafa hotuna kan sami kansa a aji ɗaya da ɗaliban likitanci yana koyon sassan jiki, ko yana cike takardun neman izinin kwamitin ɗa'a kafin ya taɓa bayanan majinyaci ko ɗaya. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi muhimmanci, ko da yake ba a cika maganarsa ba.

Wasu tsare-tsare

Asusun Burroughs Wellcome na Amurka na da makamancin tallafi na shekara 5. HFSP, shirin ƙasa da ƙasa na tallafa wa binciken ilimin halittu mai ofis a Strasbourg ta Faransa, shi ma yana da irinsa na shekara 3.

Muhawara

Ana saɓani kan ko gara a horar da mutum ɗaya a fanni biyu, ko a haɗa ƙwararru daban-daban a tawaga guda. Akwai kuma ƙorafin cewa albashin kamfanonin fasaha na janye masana da yawa daga jami'o'i, kuma sharaɗin zama ɗan ƙasa na rufe ƙofa ga baƙi.